Yadda ake ɗaura fikof a jitar lantarki, da yadda mita ke nuna gurbin kowanne

Fikof shi ne ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki yana ɗauko sautinsu. Yawancin fikof ɗin da ke zuwa hannun masu kaɗa jita a Kaduna ba a kwalinsu suke zuwa ba. Ko dai an kwance su daga tsohuwar jitar da wuyanta ya karye, ko an tsinto su cikin kayan gwanjo, ko kuma wani ya yi odarsu daga Cana sun iso ƙunshe a leda, guda uku, kamanninsu ɗaya, ba takarda ba alama. Sai mutum ya tsaya yana jujjuya su: wanne ne na kusa da wuya, wanne ne na tsakiya, wanne ne na kusa da jaki, wato ƙarfen nan da tsirkiyoyi ke hawa a kai a gindin jita? 'Yar mitar nan mai ruwan ɗorawa da ke kan teburin kowane mai gyaran rediyo ta isa ta raba wannan gardama, in dai ka san abin da take faɗa maka da kuma abin da ba ta da ikon faɗa.

A cikin fikof babu komai sai mayen ƙarfe da siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe masa. Wayar da aka fi amfani da ita, mai lamba 42, kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, kuma a fikof ɗaya na jita samfurin Stratocaster akan naɗa ta kusan sau 8,000, tsawon da ya haura kilomita guda. Idan tsirkiya ta motsa a saman mayen ƙarfen, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin kwayil ɗin, ita ce amfilifaya ke ɗagawa ta zama sauti. Abin da mita ke aunawa shi ne turjiyar wannan waya, a ma'aunin om. Waya mai tsawo, turjiya mai yawa. Naɗi mai yawa kuma, ƙara mai yawa da sauti mai kauri. Daga nan aka samo al'adar cewa fikof mai babbar lamba ya fi ƙarfi.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: mita mai sabon batir, ƙarfen narka dalma mai ƙarfin wat 40, dalma mai ƙaro a cikinta, sukundireba ƙarama mai kan tauraro, filaya, salatif na wuta, da tsumma mai laushi. Duk ana samunsu wajen masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Abu ɗaya game da wurin aiki: kada ka yi shi a teburin da ake goge ƙarfe. Wanda ya taɓa ajiye fikof a shagon mai walda a Panteka ya san yadda garin ƙarfe ke taruwa a kan sandunansa, ƙananan ƙarafan nan da ke kallon tsirkiyoyi, baƙi ƙirin, ya miƙe tsaye cirko-cirko. Idan hakan ta faru kada ka goge da yatsa, don tura shi za ka yi cikin kwayil. Manna salatif a kai ka ɗaga, ka maimaita har ya fita tas. Haka nan kada ka jingina fikof da bayan babbar sifika, mayen ƙarfenta na iya rage masa ƙarfi.

Awo

Juya mitar zuwa 20k a ɓangaren om, k ɗin nan dubu yake nufi. Fara haɗa bakunan wayoyinta biyu, ja da baƙi, ka ga ta nuna sifili, don ka tabbatar lafiyarta lau. Sannan ka ɗora baki ɗaya a kan kowace wayar fikof. Kada ka matse su da yatsun hannuwanka biyu, domin jikinka ma yana ɗaukar wuta, balle hannu mai gumi a watan Afrilu, sai lambar ta sauka ta ruɗe ka. Kwantar da wayoyin a kan katako ka danna su da bakin mitar kawai.

Idan ka ga lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, ko OL, wayar ta tsinke a wani wuri. Kafin ka yanke ƙauna, duba ƙananan idanu biyu da ke ƙarƙashin fikof, inda siririyar waya ta haɗu da mai kauri. Sau da yawa a nan dalmar ta saki, taɓawa ɗaya da ƙarfe mai zafi sai ya farfaɗo. Idan ta nuna sifili ko kusa da shi, wayoyi sun haɗe da juna. In kuwa lambar tana ta tsalle ba ta tsaya ba, ko dai bakin wayar ya yi tsatsa, a kankare shi, ko kuma fikof ɗin na kan hanyarsa ta mutuwa.

Lafiyayyen fikof mai kwayil ɗaya irin na Stratocaster yakan faɗa tsakanin 5.5k da 6.5k. Mai kwayil biyu, hambaka, irin wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955 aka fara sa wa jitar Les Paul a 1957, yakan tsaya wajen 7.5k zuwa 8.5k. Akwai masu zafi da aka yi don kiɗa mai ƙugi: Super Distortion na DiMarzio yana wajen 13.7k, JB na Seymour Duncan kuwa ya haura 16k. Masu amfani da batir mai bolt 9, irin na EMG, ba sa cikin wannan lissafi sam, abin da mita za ta nuna a kansu ba na kwayil ba ne.

Rubuta kowace lamba a guntun salatif na takarda ka manna a bayan fikof ɗinta. Kuma ka auna su duka a zama ɗaya. Dalili shi ne turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na zafi. Fikof ɗin da aka rubuta masa 6.0k a ɗaki mai sanyin digiri 20, in ka auna shi da azahar a shago mai rufin kwano ana digiri 38, zai nuna maka kusan 6.4k. Ba wanda ya cuce ka, zafin gari ne. In ka auna ɗaya da sanyin safiyar hunturu, ɗaya kuma bayan ya sha rana a cikin jaka, bambancin da za ka gani na yanayi ne, kai kuma ka ɗauka na naɗi ne.

Wanne zai zauna ina

Taɓa igiyar shanya ka lura: tsakiyarta ke lilo sosai, kusa da inda aka ɗaure ta kuwa da ƙyar take motsi. Tsirkiya ma haka take. A kusa da jaki motsinta kaɗan ne, sautinta siriri mai kaifi. A kusa da wuya motsin ya fi faɗi, sautin ya fi cika. Saboda haka fikof mafi yawan naɗi shi ake kaiwa wajen jaki don ya cike giɓin, mafi ƙaranci kuma wajen wuya don kada sautin ya dagule. A ce ka samu 5.7k, 5.9k da 6.4k. Na 6.4k jaki, na 5.7k wuya, na 5.9k tsakiya.

Amma wannan hukunci yana aiki ne kawai tsakanin fikof 'yan gida ɗaya, masu waya iri ɗaya da mayen ƙarfe iri ɗaya. Waya mai lamba 43 ta fi ta 42 siranta, kuma a tsawo ɗaya turjiyarta ta ɗara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa fikof ɗin wuya na jitar Telecaster, wanda da ita ake naɗa shi, yakan nuna lamba daidai da na jaki ko ma fiye, alhali a kunne shi ne mai sanyin murya. Wanda ya bi lamba ido rufe zai ce kamfani ya yi kuskure. Haka kuma fikof mai arha da aka manna wa baƙin mayen ƙarfe na siramik a ƙasa yana iya nuna 5k kacal amma ya fi mai mayen ƙarfe irin na alniko mai 6k ƙara. Mita ba ta ganin mayen ƙarfe ko kaɗan. A ganina duk mai sayarwar da ya ce maka “wannan 16k ne, ya ninka wancan ƙarfi”, ko dai bai sani ba ko yana so ya sallame ka da wuri.

Don haka ka nemi wasu shaidu su mara wa lambar baya. Juya fikof ɗin ka duba ko an buga N, M, B a ƙasa, wato wuya, tsakiya da jaki, ko F da R, na gaba (wuya) da na baya (jaki). Auna tazarar da ke tsakanin sandar farko da ta shida: tsirkiyoyi suna buɗewa ne yayin da suke gangarowa jaki, shi ya sa a saiti da yawa za ka tarar da milimita 48, 50 da 52, mafi faɗin shi ne na jaki. Tsawon waya ma shaida ne, na wuya yakan fi doguwar waya tunda shi ya fi nisa da makunnin da ake zaɓen fikof da shi. In lambobin uku sun yi kusa da juna ƙwarai, bambancin bai kai 0.2k ba, to waɗannan shaidun su za ka bi, ka bar lambar.

Na tsakiya yana da tasa alama. A yawancin saitin zamani an juya masa naɗi an kuma juya mayen ƙarfensa, domin idan ya haɗu da maƙwabcinsa su kashe ƙugin wuta. Ɗauko kamfas irin na duba alƙibla ka kusanto da shi saman kowane fikof. Biyu za su ja allurar ta kai ɗaya, na ukun ya ja ɗaya kan. Wannan na ukun shi ne na tsakiya, ko me mita ta ce. In babu kamfas, kifa fuskokin biyu a hankali ba tare da sun haɗu ba: masu ture juna iri ɗaya ne, wanda ke jan sauran biyun shi ne baren. A kayan Fender sau da yawa ma wayarsa ruwan ɗorawa ce maimakon fara.

Hambaka mai wayoyi huɗu da tsirara guda ɗaya shi ke ba mutane wahala, domin kowane kamfani da launinsa. A Seymour Duncan baƙa ce mai ɗaukar sauti, koriya da tsirara su tafi ƙasa, wato bayan bolum, ja da fara a haɗe su a naɗe da salatif. A DiMarzio ja ce ta sauti, koriya ta ƙasa, baƙa da fara ake haɗewa. In ba ka san kamfanin ba, mita za ta fitar da kai: gwada wayoyin bibbiyu har ka gano waɗanda ke ba da lamba, za ka samu kwayil biyu, misali 4.0k da 4.1k. Idan ka jera su daidai, jimillar za ta zama 8.1k. In ka ga wajen 2k, ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa ne maimakon ɗaya bayan ɗaya, in ka ga 4k kuma kwayil ɗaya ne kawai ke aiki.

Saura gwaji ɗaya da ya cancanci a ɓata masa lokaci, musamman idan fikof ɗin ba na kamfani ɗaya ba ne. Mayar da mitar kan 200mV na wutar batir, jan baki a wayar sauti, baƙi a ta ƙasa. Kwantar da sukundireba a kan sandunan, sannan ka fizge ta sama da sauri kana kallon mitar. Lambar za ta yi tsalle, ko da alamar ragi a gabanta ko babu. Duk fikof ɗin da za su yi aiki tare dole tsallensu ya zama ɓangare ɗaya. Wanda ya saɓa, a musanya masa wayoyinsa biyu. Wannan gwajin ne kuma zai nuna maka ko kwayil biyun hambaka suna tafiya tare ko suna cin karo da juna.

Ɗaurawa

Zare kebul daga jita, cire tsirkiyoyi. A Stratocaster komai yana manne a bayan farantin roba mai sukurori 11. Kwance su ka zuba a murfin kwalba, ka ɗaga farantin a hankali, domin akwai wayoyi da suka riƙe shi, masu zuwa soket da wadda ta ratsa katako zuwa ƙugiyar sifirin a baya. Shimfiɗa tsumma a jikin jitar ka kifa farantin a kai. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da wayarka daga kusa, yadda za ka ga kowace waya da ƙafar da take kai. A Les Paul ta murfin baya ake shiga, kowane fikof da nasa bolum.

Cire tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, kana sa sabo a madadin kowanne kafin ka wuce gaba, ba za ka rikice ba. Sukuru ya bi ta faranti, sifirin ko guntun roba ya shiga tsakani, sannan fikof. Hambaka mai layin sukurori a fuska, na wuya layin ya kalli wuya, na jaki ya kalli jaki, kuma zobe mai tsayi na jaki ne.

Wayar sauti tana zuwa ƙafar makunni, ta ƙasa kuma bayan bolum. Feɗe bakin waya kamar milimita 4, murɗe shi, shafa masa dalma tukuna. Ƙafar makunni ba ta da wuya, daƙiƙa biyu ko uku ta kama. Bayan bolum ne ke gardama saboda yana shanye zafi. Kankare ɗan wuri da bakin wuƙa har ya yi haske, narka ɗigon dalma a wurin, sannan ka kawo wayar ka nutsa ta ciki, kada ka motsa har ta daskare. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta sumul. In ya dunƙule ya yi fari-fari kamar toka, bai kama ba, kuma wata rana a tsakiyar taro zai saki. Wannan ya fi faruwa idan wuta ta zo ba ƙarfi, ko ana kan ƙaramin janareta, ƙarfen ba ya yin zafin kirki, mutum ya yi ta danna shi a bayan bolum har ya ƙone cikinsa. Gara ka haƙura har wuta ta daidaita.

Game da bolum ɗin kansa: 250k ake sa wa mai kwayil ɗaya, 500k wa hambaka. Hambaka a kan 250k yakan yi duhu, mai kwayil ɗaya a kan 500k yakan yi tsini a kunne. In jitarka gauraye ce, zaɓi wanda ya dace da fikof ɗin da ka fi kaɗawa da shi.

Kada ka rufe tukuna. Soka kebul a jita, buɗe bolum har ƙarshe, ɗora mita a ɗaya bakin kebul ɗin, baki ɗaya a tsini ɗaya a jiki, ka bi matsayin makunni biyar. Da misalinmu na ɗazu za ka ga kusan 6.2k a jaki, 3.0k a na biyu, 5.8k a tsakiya, 2.9k a na huɗu, 5.6k a wuya. Raguwar 'yar kaɗan ɗin bolum ne ya ci, rabewa biyu kuma saboda fikof biyu ne ke aiki tare. In wani matsayi ya wuce abin da 20k za ta iya nunawa, ka ɗaga ma'auni ka ga wajen 250k, to fikof ɗin wurin bai haɗu ba. In sifili ne, wata tsirarar waya na taɓa inda bai kamata ba. Bayan haka haɗa amfilifaya, ƙara ƙasa-ƙasa, ka ɗan ƙwanƙwasa sandunan da sukundireba ka ji wanda ke amsawa a kowane matsayi. Sai a rufe, a mayar da tsirkiyoyi, a saita su.

Tsayi

Nan ne aikin mita ya ƙare, kunne ya karɓa. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshe cikin ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, ka auna daga ƙasanta zuwa kan sandar fikof. Fender na ba da milimita 2.4 a ɓangaren tsirkiya mai kauri da 2.0 a ɓangaren siririya ga fikof irin na da. A Les Paul ana farawa da 2.4 a wuya, 1.6 a jaki. In ba ka da rular ƙarfe mai ƙananan zane, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne: biyu a haɗe sun ba ka 1.5, uku 2.3. Tsofaffin da suka daina aiki nake nufi.

Kashe duk wani abin ƙara wa sauti ƙugi ko amsa-kuwwa, ka bar amfilifaya fes. Fara da na jaki, tunda shi ne mai ƙarancin abin da zai ɗauka, ka kai shi inda ya yi maka daɗi. Sannan ka kaɗa abu guda kana sauya makunni tsakanin jaki da wuya. Kusan kullum na wuya zai fi ƙara. Sauke shi, rabin juyi a kowane sukuru, ka sake ji, har sauyawar ta zama canjin launin sauti kawai ba tsallen ƙara ba. Ɓangaren tsirkiya mai kauri kullum ya fi na siririya nisa kaɗan, in ba haka ba sai ta danne sauran. Idan hambaka mai 16k ke jaki tare da biyu masu 6k, shi za ka nutsar sosai. Kada ka ɗago ƙananan don su kamo shi.

Ɗagowa fiye da kima ita ce cutar da na fi gani a jitocin majami'u daga Sabon Tasha zuwa Narayi, da na masu kiɗan biki. Mai kaɗawa yana so a ji shi a kan ganguna da kibod, sai ya murɗa fikof har ya kusa lasar tsirkiya. Sandunan alniko suna jan tsirkiyar, sautin ya mutu da wuri, kuma in ka danna mai kaurin a sama da firet na 12 sai ka ji murya biyu suna kokawa, na'urar saiti ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Mutane sun sha canza tsirkiya da taɓa wuyan jita a kan wannan, alhali juyi biyu na sukuru ne maganinsa. Ƙara a amfilifaya ake nemanta. Masu son tsattsarkan sautin nan irin na jitar Agadas ma sun fi samunsa idan fikof ya ɗan yi ƙasa.

In a matsayi na biyu ko na huɗu sautin ya zama siriri, kamar ta hanci yake fita, ƙara kuma ta faɗi, fikof biyun suna cin karo. Musanya wayoyin na tsakiya. A Telecaster ko hambaka mai waya ɗaya da saƙa a jiki ba a yin haka kai tsaye, domin murfin ƙarfen a haɗe yake da wayar ƙasa, sai an fara raba su an ba murfin tasa wayar.

Ƙugi kuwa iri biyu ne. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma fikof mai kwayil ɗaya dole ya ɗan ɗauko ta, musamman kusa da janareta, inbata, cajar waya ko fitilar LED mai arha. Wannan yakan ragu idan ka juya jikinka, ya kuma ɓace a matsayi na biyu da na huɗu in na tsakiyan juyayye ne. In ƙugin yana raguwa idan ka taɓa tsirkiya, haka ya kamata. In taɓawar ba ta canza komai ba, wayar da ke zuwa ƙugiyar sifirin ta saki: sa mita tsakanin tsirkiya da jikin soket, dole ta nuna kusan sifili. In taɓa ƙarfen jita na ƙara ƙugin, an juya wayoyin soket. Amma idan tsirkiya ta ɗan ja ka, ko leɓenka ya ji wuta a makirufo kana riƙe da jita, ajiye ta nan take ka kashe daga bango. Wannan ba daga fikof ba ne, amfilifayar ce ko wayarin ɗin ginin ba shi da wayar ƙasa, kuma mai aikin lantarki za a kira kafin kowa ya sake kunna ta.